Malmalar da Ta Raba Ni da Kaki

Ku 'ya'yana, na san sunan da ake kirana da shi a Anka in na ba da baya: Labbo Malmala. Na san kuma an sha jifan ku da shi a makaranta da bakin rijiya, ana cewa ubanku ya sayar da kakin gwamnati a kan malmalar tuwo. Rabi ta taɓa dawowa gida tana kuka, ta tambaye ni ko gaskiya ne, na ce ta je ta wanke fuskarta. Ba rashin amsa ya sa na kore ta ba. Amsar ce doguwa, ni kuma bakina ba ya ɗaukar doguwar magana, sai ta karye mini a tsakiya. Yanzu da Allah ya sa na shiga ajin yaƙi da jahilci da furfura a gemuna, hannuna ya fara sabawa da alƙalami, na lura takarda ta fi mutum haƙuri. Ba ta katse ka, ba ta yi maka dariya. To, gaskiya ne na ci tuwo, kuma gaskiya ne shi ya raba ni da aiki. Abin da ba a faɗa muku ba shi ne wane tuwo ne, kuma wa ta tuƙa shi.

An ɗauke ni gadin gandun daji ina da ƙuruciya, ban daɗe da auren uwarku ba, a zamanin da ƙasarmu ke ƙarƙashin Sakkwato. Aka ba ni kaki da bel da takalmi mai nauyi, aka tura ni wani sansani can cikin dajin da ya taso daga kudancin Anka, ya ratsa ƙasar Bukkuyum, ya nufi Gummi. Ku ba ku ga dajin nan ba, ba kuma za ku gan shi ba. Marke da ƙirya da maɗaci da doka sun haɗa kai, har rana ba ta taɓa ƙasa sai ta take tsaka. Gada na tsallake hanya a gabanka, zabin daji na tashi garke-garke, gwanki ya tsaya ya dube ka don ya san kai ne baƙo. Aikinmu share layin iyaka, da sa wutar farko da kaka tun ciyawa ba ta bushe ƙarau ba, da hana sare itace da farauta da sabon sassabe. Sansanin kuwa ɗakuna biyu ne na kwano da rijiya, ba mace, ba ko kaza. Mu biyu ne a ciki, ni da wani dattijo, Baba Anaruwa, wanda ya tsufa a cikin aikin.

Mutumin gari yana zaton wahalar daji kura ce ko maciji. Wahalar daji ciki ne. Garin kwaki da ƙuli-ƙulin da uwarku ke ɗaura mini a bayan keke ba sa kai wa ko'ina. Akwai mai tuwo a kasuwar Bukkuyum, mace mai sakin hannu da man shanu, amma sai ranar kasuwa, kuma kafin ka tuƙo keke ka dawo, abin da ka ci ya ƙare a kan hanya. Muka koma ga girkin Baba Anaruwa. Waken da yake dafawa, da za a ɗura shi a bindiga da ya kashe gada. Ran da na faɗa masa haka sai ya yi dariya har da tari.

"To, ɗan gari, tunda haƙoranka na amarya ne, tashi in kai ka inda ake ci," in ji shi. "Amma in ka ci, ka san ka ci."

Ban gane ƙarshen maganar ba a lokacin. Ya fara kai ni rugar wani Ardo a bakin fadama. A can ba a tambayar ka ko kana jin yunwa, don sun ɗauka tambayar cin fuska ce. Za a kawo maka ƙwaryar kindirmo da fura a ajiye gindin itace, kowa ya juya ya kama wani aiki, don ka sha ba tare da ido a kanka ba. Na ji daɗin wannan ɗabi'a tasu ƙwarai. Sai dai ruga ba gari ba ce. Yau ka ishe su, gobe ka ishe kashin shanu da toka.

Wurin da bai tashi ba shi ne Tungar Ƙirya. Gidaje ne 'yan kaɗan na jinka a tsakiyar gandu, kewaye da wata ƙatuwar ƙirya, da 'yan gonaki a bayansu. Sun riga layin gwamnati zuwa wurin. Babba a tungar wata tsohuwa ce, Inna Tumba, mijinta ya rasu, tana zaune da ɗanta Nomau da iyalinsa. Gajera ce, ta ɗan ranƙwafa, idonta guda ya yi hazo, amma muryarta na kaiwa ƙarshen gona. Ranar farko ta dube ni daga hula har takalmi, ta juya ga Baba Anaruwa.

"Anaruwa, wanga yaro gwamnati ta aiko shi gadin daji, ko daji za shi gade shi? Dubi wuya kamar na zalɓe."

"Sabon ango ne, Inna."

"Awo, shi ya sa. Amarya ba ta iya tuwo ba, shi kuma kunya ta hana shi hwaɗi. Zamna, ɗana."

Ta kawo mana hocen dawa, gasasshe irin nasu, da miyar sure. Na ci har na ji kunyar kaina. Da za mu tashi na laluba aljihu, Baba Anaruwa ya taka mini ƙafa da takalminsa, har yau in sanyi ya yi ina jin wurin. A hanya ya ce da na fito da abin da ke aljihun nan, da na mayar da gidanta rumfar kasuwa, kuma da ba zan sake ganin cikinsa ba. Zuwana na gaba sai na tarar ta ware mini akushi, baƙi, mai ɗan tsagu a baki da aka ɗinke da waya. A al'adarsu, in aka ware maka akushi a gida, to ka zama ɗan gidan. Kullum aka tuƙa tuwo za a sa maka naka a rufe da faifai, ko ka zo ko ba ka zo ba. In ba ka zo ba, da safe a ɗumama wa yara, a wanke, da yamma a sake zubawa. Na taɓa yin kwanaki ina jinyar zazzaɓi a Anka, da na koma matar Nomau ta ce ko rana ɗaya Inna ba ta bar akushin nan ya kwana wofi ba. Mu kuma in mun je gari mu riƙo musu gishiri da kanwa da ashana, ba a matsayin biya ba, a matsayin abin da ɗa ke kawo wa gida. Shekaru muna haka. Ban taɓa kama wani ɗan tungar yana sare ɗanyen itace ba, kuma ba don na rufe ido ba. Su ne ma ke gaya mana in baƙin mafarauta sun shigo.

Sai shekarar nan ta zo. Bushiya ta fara bi ta kan shanu, ciwon da ke kayar da garke cikin 'yan kwanaki. Na wuce rugar Ardo na ga ungulu sun ƙoshi har ba sa iya tashi. Ardo yana zaune a kan turmi da sandarsa a gwiwa, ba abin korawa. Duk da haka ya sa aka kawo mini ƙwarya, ruwa ne a ciki da ɗan gari, ya juya mini baya kamar kullum. Bayan wannan ban sake ganin su ba. Damina kuma ta ɗauke da wuri, dawa ta tsaya da ciki ta bushe. Zuwa rani, lokacin da soja suka karɓi mulki ake jera mutane layi da bulala, yunwa ta riga ta shiga ƙauyuka. Dangin mutanen tunga suka riƙa gangarowa daga arewa, mata da goyo, tsofaffi a kan jakuna, don daji bai rasa abin da zai ba mutum: tafasa, yaɗiya, goruba, da rogon dajin da sai an jiƙa shi kwana da kwanaki kafin dafinsa ya fita. Inna ba ta kori kowa ba. Baƙin suka kafa bukkoki, wasu suka sassabe 'yan wurare a bayan tsoffin gonaki don jiran ruwa. Mun gani, mun yi magana, suka ce to. Me za ka ce wa mutumin da ɗansa ke tauna ganye? Akushina kuwa bai daina cika ba, sai dai abin cikinsa ya sauya, daga tuwo zuwa dusa, daga dusa zuwa kwaɗon tafasa. Na ce ta daina sa mini, ta ce in na ƙara wannan magana za ta fasa mini shi a ka.

Da bazara ta kama, hadari ya fara leƙowa daga gabas, sai ga Landiroba a sansani. Sabon ofisan da aka ɗora a kanmu ne, matashi, mai tsabta, ba mai tsawa ba. Ya ce an ga sabbin sassabe, kuma umarni ya zo daga sama cewa a tashi Tungar Ƙirya gaba ɗaya, tsoffi da baƙi, kafin ruwa ya sauka su yi shuka. Gobe zai dawo da leburori da 'yan sanda, mu ne za mu nuna hanya. Baba Anaruwa ya cire hula ya yi masa bayanin cewa tsoffin sun riga layi zuwa. Ofisa ya saurare shi har ya gama, ya ce shi ma aiko shi aka yi.

Motar na juyawa na hau keke. Na ishe Inna tana tsinke tafasa a ƙofar ɗaki, na durƙusa na faɗa mata komai. Na ce su kwashe abin da za su iya tun yau, su kai shi wajen layi. Ta ɗaga kai ta dubi cikin rufin ɗakinta, inda zangarkun dawa ke rataye, hayaƙi ya baƙanta su. Irin shuka ne. Duk yunwar da aka sha ba wanda ya taɓa shi, don manomi zai iya binne ɗansa da yunwa bai ci iri ba. Kaura ce zaɓaɓɓiya, ita ce gonar tunga ta bana.

"Nomau, sauko da su," ta ce.

"Inna, iri ne hwa!"

"Na san iri ne, ni nar rataye shi. Baƙi za su zo gobe, mi za ni ba su? Tafasa?"

Na sa baki na ce, "Inna, waɗanga ba baƙin ci ba ne. Don Allah ki bar irin ga. Ko ina kunka tahi, da shi za ku tashi."

"Labbo, kai yaro ne. Lokacin da masu awo sunka zo yanka layin ga, ina amarya. Su ma tashin mu sunka zo yi. Uwar mijina ta tuƙa musu tuwo, sunka ci, sunka wanke hannu, babbansu yac ce mu zamna. Wanda yas sa hannu cikin akushinka ba shi ɗaga maka hannu. Haka Allah ya yi mutane. Ko wanga ofisa naku ba mace ta haife shi ba?"

Nomau ya yi ta roƙo har muryarsa ta dushe. Dattawan tunga suka taru, kuma abin da zai ba ku mamaki, yawancinsu bayanta suka bi. Ba wauta ba ce. Abin da suka gani ke nan tun suna yara: mai karɓar haraji, mai allurar shanu, ɗan sarki, duk wanda ya ci ya yi laushi. Ba su da takarda, ba su da wani babba a birni. Tuwo kaɗai suke da shi, shi ma na rana ɗaya. Kafin in bar wurin na ji tabarya ta fara sauka a turmi, sautin da aka daɗe ba a ji ba a tungar nan.

Washegari da hantsi muka iso, Landiroba a gaba, babbar mota a baya. Tun daga nesa ƙanshin daddawa ya tare mu. An share gindin ƙirya an shimfiɗa tabarmi, an jera akussa rufe da faya-fayai, ga ruwan wanke hannu a ƙwarya. Yaran tunga suna tsaye daga gefe, ciki a kumbure, idonsu a kan akussan, amma ba wanda ya matsa, don an gaya musu sai baƙi sun ci. Inna ta sa zanenta na Sallah. Ta tako a hankali ta durƙusa a gaban ofisa, yaron da bai kai ɗan cikinta ba.

"Sannunku da hanya, ranka shi daɗe. Ku taɓa ɗan abin da ya samu, kahin a yi magana."

Na dubi fuskarsa, na ga ya gane. Shi ma ɗan ƙauye ne, ya san abin da ke cikin akushi ba tuwo kaɗai ba ne. Ya kau da kai daga gare ta, ya juyo gare mu.

"Na san wannan," in ji shi. "Akwai burodi da kifin gwangwani a mota, mai jin yunwa ya je ya ɗauka. Duk ma'aikacin da ya sa hannu a abincin nan, ya tuɓe kakinsa ya ajiye mini a nan." Sa'an nan ya ce da ita, ba da faɗa ba, "Mun gode, Inna. A ƙoshe muke."

Ku da kuka tashi a gari ba lalle ku san nauyin wannan ba. A wurinsu, a ƙi cin abincinka ya fi a mare ka a kasuwa. Inna ba ta tashi ba. Ta miƙa hannu ta buɗe faifai ɗaya, tururi ya tashi, ta ce bismillah. Ta ja gwiwa ta buɗe na biyu, ta ce bismillah. Haka ta bi su tana buɗewa, ba mai motsi, sai kukan kurciya a kan ƙirya. Leburorin nan yunwa suke ji, ina ganin maƙogwaronsu na hawa da sauka. Baba Anaruwa, wanda ya fi ni daɗewa yana ci a gidan, ya kafa ido a kan takalminsa. Da ta kai ƙarshen layi sai ta buɗe baƙin akushi mai ɗinkin waya. Ba ta kira sunana ba, ba ta ko dube ni ba. Na tabbata ba ta so ta ja mini. Ta dai buɗe shi ne kamar yadda take buɗe shi kullum.

Ba zan ce muku na yi wani dogon tunani ba. Na tuna uwarku tana da cikin fari, na tuna, ban manta ba. Amma ƙafafuna suka tafi. Na zauna a tabarma, na wanke hannu, na yi bismillah, na yanki loma. A raina ina cewa in na fara, Baba Anaruwa zai biyo, in ya biyo leburori za su biyo, in kowa ya ci ofisa ba zai kori kowa da kowa ba, sai ya koma ya ce a sake shawara. Ashe ni ma lissafin Inna nake yi. Na ci loma ta biyu, ta uku, ina jiran in ji motsin mutum a gefena. Ba wanda ya zo. Tuwon kaura ne mai laushi, miyar kuka, irin wanda na yi wata da watanni ina mafarkinsa, amma kamar yashi nake haɗiya. Ni kaɗai a kan doguwar tabarma, mutane tsaye suna kallona ina tauna.

Ofisa ya bari na ɗan ci, sa'an nan ya ce in kawo kaki. Na tuɓe riga da bel da takalmi na ajiye a gaban mota, Nomau ya miƙo mini wata tsohuwar taguwa. Aka ba mutanen tunga zuwa la'asar su kwashe kayansu. A nan ne Inna ta tashi tsaye, ta yafito yara da hannu. Suka faɗa wa akussan. Ban taɓa ganin ci irin wannan ba, ba magana, ba faɗa, sai numfashi. Nomau ya juya ya kama jikin ƙirya da hannu biyu. Kafin a ɗaure kaya, yaran sun cinye gonar bana. Da la'asar leburori suka sauke jinkaye suka tara, aka sa wuta.

Direba da leburori suka riga ni isa Anka, kuma labari a bakin mai ba da dariya ya fi gudu. Kafin in shigo gari an gama shi a tasha: wai an je aiki, Labbo ya ga tuwo ya kasa haƙuri, ya ajiye kaki ya zauna. Kakanku, Allah ya ji ƙansa, yana zaure na faɗa masa yadda aka yi. Ya daɗe yana jan tasbaha.

"Kai kaɗai ka san girman tuwo cikin waɗanda sunka tahi?" ya ce. "Anaruwa bai san shi ba? Mutunci ka saya, na ji. To, shiga ka ba matarka ta dahwa."

Uwarku tana tankaɗe na shiga da taguwar aro, ƙafa ba takalmi. Ta saurare ni ba ta ajiye rariya ba.

"An bar su?" ta ce.

"A'a."

"To, kai ka ci, su an kore su. Mu kuma mi za mu ci?"

Ba ta sake tayar da maganar ba har yau, kuma ban taɓa samun amsar da zan ba ta ba. Na bi ofis na yi roƙo, aka ce ƙin bin umarni ne a gaban jama'a, a zamanin soja. Na koma ƙwadago a gonakin mutane, da rani in yi dako a kasuwa. Kuna da yaya da ba ku sani ba, Hassi, ita ce cikin nan. Ƙyanda ta ɗauke ta tana tatata, a shekarar da ko koko sai mun auna. Kwananta ne ya ƙare, haka na yi imani. Amma na sha ganin uwarku tana kallon 'ya'yan ma'aikata in za su makaranta, sai in tashi in bar gidan. Baba Anaruwa ya gama aikinsa lafiya, ya samu fansho, har ya sauke farali. Kada ku riƙe shi a rai. Ya taɓa tare ni a bayan masallaci, ya riƙe hannuna ya ce, "Labbo, ƙahwata ta ɗaga ranar nan, sai nit tuna ɗiyana." Na ce na sani. Shi ya ciyar da nasa, ni na bar nawa da yunwa, ban ga abin da zan yi masa fahari da shi ba.

Mutanen tunga kuwa suka watse. Inna da Nomau suka sauka wurin dangi a wani ƙauye ta wajen Gummi. Ruwa ya sauka 'yan kwanaki bayan tashinsu, damina mai kyau irin wadda aka daɗe ba a gani ba. Ba su da gona, ba su da iri. Nomau ya yi ta noma wa mutane, Inna ta rasu kafin a yanke gero. Sai bayan an yi sadakar bakwai na ji. Dajin da aka tashe su dominsa ma bai tsaya ba. Ba a yi shekaru da yawa ba aka yanka wa wani mai hali wurin, tarakta ta shiga, manyan motoci suka yi ta fita da gawayi. Na taɓa komawa in ga ko zan gane gindin ƙirya. Ban gane ba. Fili ne fetal, sai ramukan masu neman zinari nan da can. Da a ce dajin ya tsira, da na ce wa kaina an yi zalunci amma an tsare wani abu. Da a ce tunga ta tsira, da na ce na yi hasara amma na sayi wani abu. Ba ɗaya. In kuna jiran in ce muku tuwon nan ya yi amfani, bai yi ba.

Saura abu ɗaya. Baƙin akushin nan da ke kan katangar ɗakina, wanda Sani ya taɓa ɗauka zai zuba wa kaji dusa na daka masa tsawa, yau ku san daga inda ya fito. Ranar da aka ƙona tunga ni na ɗauki kayan Inna a ka, na raka su har mararrabar da hanya ta rabu, ɗaya ta yi Gummi, ɗaya ta yi Anka. Tana gaba da sanda, hayaƙi na tashi a bayanmu, ko sau ɗaya ba ta waiwaya ba. Duk tsawon hanya ina jiran ta yi kuka, ko ta tsine wa wani, ko ta ce mini sannu da abin da na rasa. Da muka kai mararraba ta sa na sauke kayan, ta kwance ƙullin, ta ciro akushin, an wanke shi tas. A cikin wannan tashin hankali ta samu lokacin wanke shi. Ta miƙo mini.

"Riƙe abinka. Inda za ni, ba ni da murhu."

Na karɓa da hannu biyu. Ta matso ta dube ni da idonta mai gani, kamar ranar farko.

"Labbo, na ga ba ka cinye ba. Miyar ce ba gishiri, ko? Gishirin ya ƙare mana, na ji kunya ƙwarai. Ka dai ƙoshi?"

Na ce, "Na ƙoshi, Inna."

"To, madalla," in ji ta. "Ko ba komi, baƙo guda ya ci."

Ta ɗora kayanta a ka, ta bi hanyar Gummi.